Tauraron da Ya Ɓace a Zanen Malam

Ranar Talata

Zuwa ga Yayata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata takardar nan za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da jikokin nan naki masu hana ki barcin rana. Yaya gwiwar? Kina shafa maganin, ko kin ajiye shi a kan firji yana kallonki? Mu nan lafiya lau, in dai abin da zan gaya miki bai hana a ce lafiya ba.

Kada ki ce me ya hana ni kiran waya. Malam kunnen zomo gare shi, ko a banɗaki na yi raɗa sai ya ji. A wurin aiki kuma kin san ba a ɗaga murya a laburare, maganar nan kuwa ba ta faɗuwa a hankali. Shi ya sa na ɗauko biro.

Jiya da hantsi ina jera littattafan da aka dawo da su, sai waya. Wata nas ce daga asibitin ido, wai lambata ce a katin Malam a matsayin wadda za a nema. Ta tambaye ni ko mai katin lafiya, don sau uku ke nan ana ba shi rana yana bugowa ya ɗaga. Yaya, sai da na zauna a kan keken tura littattafai. Ni ban ma san an tura shi asibitin ido ba. Ashe kusan wata shida ke nan likitan da ke duba masa ciwon sukari ya leƙa idonsa, ya ga abin da bai yi masa ba, ya rubuta masa takarda. Mutumin da in ya yi tuntuɓe da safe sai na sha labarin har dare!

Da yamma na dawo na tarar da shi a teburin cin abinci yana fiƙe fararen fensiransa, ya baza baƙaƙen takardu har inda nake ajiye filas. Ban ko cire takalmi ba na tambaye shi. Kin san abin da ya ce? Wai duhun wata ne.

Bari in tuna miki, tunda rabonki da gidanmu tun kafin abin ya yi ƙamari. Bututun nan na hangen taurari da kika ce ya yi kama da durom, yanzu shi ne mai ɗakin baƙi, baƙo sai dai ya kwana a falo. Da wata yake kallo, ko taurarin da kowa ke gani, da na ce to. A'a. Shi da abokansa biyu, Injiniya da Likitan Dabbobi, sai sun bari wata ya ɓace su ɗora bututu a mota su fita bayan gari, su nemi wasu abubuwa can ƙuryar sama masu dishi-dishi, kamar an dangwala yatsa a gilashi. Ya ɗora ido ya leƙa, ya sunkuya da 'yar jar tocila ya zana abin da ya gani da farin fensir a baƙar takarda, ya murza da audugar goge kunne. Sau ɗaya ya lallashe ni na leƙa, ban ga komai ba sai baƙi. Ya ce kuskurena shi ne ina kallon abin kai tsaye, wai irin waɗannan sai an kau da ido an kalli gefensu, don gefen ido ya fi tsakiyarsa kama ƙaramin haske. Na kau da ido, na ga wani abu kamar hucin baki a tagar mota. Wai gari guda ne na taurari. Na ce na gode, sauro na cizona.

To, wai a asibitin ana ɗiga magani ƙwayar ido ta buɗe, sannan a haska maka fitila har cikin kai, kuma idon da aka yi wa haka ba ya moruwa a daren. Ranar farko da aka ba shi ta faɗo a duhun wata, ya ɗaga. Likitar sashen kuwa sati huɗu-huɗu take karɓar sababbin marasa lafiya, saboda haka duk ranar da aka sake ba shi sai ta sake faɗowa a duhu. Na ce malamin lissafi guda, mai furfura, bai lura da haka ba? Ya ce ya lura mana, har ya lissafa: ranar tana zamewa kaɗan-kaɗan, nan da wata huɗu za ta kai farin wata, sai ya je hankali kwance. Yana faɗa yana hure ƙurar fensir. Yaya, na karanta labaran wawaye iri-iri a rayuwata, amma ban taɓa cin karo da wautar da aka zauna aka yi wa lissafi ba.

Abin da ya fi ƙona min rai, duk faɗan nan da nake yi kunnena yake kallo. Wajen wata biyu ke nan haka yake min, in ina magana sai ya kau da ido gefe kamar mai sauraron rediyo. Na rasa ko raini ne, ko gajiya ya yi da fuskata. Ga wani baƙin ƙyalle da yake ɗaure idon dama da shi tun la'asar, wai yana tara masa duhu. Da ran fita kawai yake sa shi, yanzu kullum, har yaran maƙwabta sun fara sara masa.

Na buga wa nas ɗin, ta ba mu Alhamis ta sati mai zuwa. Duhun wata ne, na duba. Ko taurarin za su sauko su yi layi a ƙofar gida, sai ya je.

Ki gaida maigidanki da kowa da kowa.

Ni ce ƙanwarki,
Barkono


Ranar Lahadi

Yaya,

Salamu alaikum, da fatan kun tashi lafiya, ya jiki, ya yaran. Ki yafe min gajeriyar gaisuwa.

Jiya da la'asar abokansa suka zo, kamar yadda suke yi kafin kowace fita, su baza zane-zane a falo suna yabon juna. Na kawo musu shayi na tarar ana musu, Injiniya har ya miƙe tsaye. Akwai wani abu a sama da suke kira Mai Ƙyaftawa, ɗan dunƙulen hayaƙi ne da tauraro ɗaya a tsakiyarsa. Wai in ka kalle shi kai tsaye sai ka ga tauraron, hayaƙin ya ɓace. In ka kau da ido sai hayaƙin ya dawo ya haɗiye tauraron. To Malam ya zana shi a fitarsu ta watan jiya. Hayaƙin ya fito ras, har da wani lulluɓi a gefe wanda sauran biyun ba su taɓa gani ba, amma babu tauraro. Ya ce ya daɗe a kansa, abin bai ƙyafta ko sau ɗaya ba.

Kin san abin da manyan mutanen nan suka yanke? Wai tauraron ne ya dushe. Likitan Dabbobi ya ce shi kam kamar ya gan shi a daren. Injiniya ya ce masa, ranka ya daɗe, kai da ka saba leƙa bakin saniya za ka ja da idon Malam? Ai kwanan nan Malam gefen idonsa ya zama abin tsoro, abin da suke rabin sa'a suna nema shi nan take yake cafke shi. Likitan Dabbobi ya sosa ƙeya ya ce wataƙila sabo ne ya sa ya ga kamar ya gani. Nan suka shirya fita ranar Alhamis su tabbatar, in ya tabbata su rubuta wa masana. Ranar Alhamis, Yaya! A gabana!

Ina tsaye da tire a hannu, maganar Injiniya ta maƙale min. Gefen ido ya yi kaifi. Abin da ke tsakiya ba ya nan. Sai na tuna kunnena. Na tuna ran da ya zuba ruwan zafi gefen kofi ya ce kofin ne ya goce. Na tuna ya daina karanta jarida wai duk ƙarya ce, ya daina tuƙi wai fitilun motoci na ɓata masa ido, Injiniya ke biyowa ya sauke shi makaranta.

Na ajiye tire na tsaya daidai gabansa, na kira shi. Ƙyallen na kan idon dama. Ya ɗago ya dube ni sak da na hagu, don a gaban baƙi yana ƙoƙarin yin haka. Yaya, Allah ya yafe min, ni da na ba hamsin baya, na zaro harshe na yi masa gwalo, irin wanda muke yi wa juna a bayan Inna. Na riƙe shi har muƙamuƙina ya yi tsami. Fuskarsa ko motsi. Cikin ladabi ya ce, a ƙaro sukari ne? Sai da ya kai ido kan kunnena, sannan ya zabura ya ce subhanallahi, lafiyarki?

Likitan Dabbobi ne ya fara ganewa, na ga kofin ya karkace a hannunsa. Injiniya kuwa dariya ya fara, ya duba bai ga mai taya shi ba. Ban san duk abin da na faɗa musu ba. Na tuna dai na ce wa Likitan Dabbobi da akuya ce aka kawo masa tana kallon gefen kwanon dusa, da tuni ya duba idonta. Na ce wa Injiniya wata nawa yana ɗaukar mutum a mota kamar buhu, bai taɓa tambayar kansa dalili ba? Ya ce wallahi shi ya ɗauka kishin sana'a ne. Suka sulale, ɗaya har ya manta hularsa.

Da suka fita na ce Malam ya cire ƙyallen ya gaya min gaskiya. Ya ce gajiya ce da alli, kuma zai je asibiti, amma a bar masa Alhamis ɗin nan kaɗai, don in tauraron ya dushe da gaske abu ne da ba a samu sau biyu a rayuwa. Na shiga ɗakin baƙi na kwashe ƙananan gilasan leƙawa, waɗanda in babu su bututun durom ne kawai, na naɗe su a tawul. Yau da sassafe na kai su laburare, ko da yake ba ranar aiki ba ce, na kulle a lokata, ɗan kabad ɗin da nake ajiye jakata. Tunda aka kawo ni gidan nan bai taɓa ɗaga min murya ba sai jiya. Ya ce na shiga abin da ba nawa ba. Na ce idon ma ai ba nasa ba ne shi kaɗai, ni zan ja shi a titi.

Tunda na shiga laburaren, sai na sauko da babban littafin ciwon ido na zauna a ƙasa na karanta. Akwai wani ɗan wuri a bayan ido, bai kai ƙwayar gero ba, da shi ake karatu, da shi ake gane fuska. Sukari na sa jijiyoyin wurin su riƙa yoyo ya kumbura. In an tare shi da wuri ana cetonsa, in an bari ya zama tabo shi ke nan. Na rufe littafin, na daɗe ban iya tashi ba.

Ban gaya wa yara ba tukuna, Auta na tsakiyar jarrabawa. Ki sa mu a addu'a, kuma don Allah kada ki kira shi.

Taki,
Barkono


Ranar Juma'a

Yayata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaisuwa, ina fata kuna lafiya, Allah ya ƙara wa gwiwa sauƙi. Saƙonki ya iso, na gode. Kin ce in sassauta masa. Ki karanta wannan tukuna.

Mun je. Likitan Dabbobi ne ya kai mu, tun safe ya zo ya tsaya a ƙofa yana murza makulli, ya kasa haɗa ido da ni. Muka isa asibitin. Aka ɗiga masa maganin, muka zauna a benci cikin tsofaffi masu auduga a ido. Aka sa shi karanta allon haruffa. Da idon hagu ya sauko layi kaɗan yana cankar wasu. Da na dama ko babban harafin sama, wanda ya kai tafin hannu, bai gani ba, sai da ya juya kai kamar kaza. Ina zaune a bayansa na cusa gefen mayafi a baki.

Likitar yarinya ce, ba ta girmi babbar 'yarki ba, amma ba ta da wasa. Ta ɗauki hoton bayan idon a na'ura, sannan ta miƙa masa wata takarda mai layi-layi kamar raga, da ɗigo a tsakiya. Ta ce Baba, rufe ido ɗaya ka kalli ɗigon, ka zagaye min inda layukan suka lanƙwashe ko suka ɓace. Yawancin mutane wai da ƙyar suke yin ɗan da'ira.

Yaya, sai mutumin nan ya gyara zama. Ya ce a ba shi fensir maimakon biro. Ya zana abin da ke cikin idonsa na dama kamar yadda yake zana na sama, duhu a tsakiya, gefe-gefe yana shuɗewa, har yana murzawa da ɗan yatsa. Ya ce wannan shi ne na yanzu. Ya nemi wata takardar. Ya ce farkon bara kamar haka yake, ɗan mitsitsi, ƙasa da ɗigon ta hagu. Ya karɓi ta uku, ya ce lokacin da aka rubuto masa takardar asibiti ya kai haka, ya yi wutsiya. Sannan ya zana na idon hagu, ya ce shi wannan sabo ne, bai yi baƙi ba tukuna, hazo ne kawai. Wai a jikin tayil ɗin banɗaki yake auna shi kowace safiya. Ƙyallen kuma ba wani duhu da yake tarawa, idon dama ne ke dama wa na hagu lissafi, shi ya sa yake rufe shi.

Ya sani, Yaya. Sama da shekara yana kallon makantarsa tana girma a banɗakina, a tayil ɗin da nake wankewa, ya fito ya sha shayi ya tambaye ni ko na ga silifas ɗinsa. Ni ina can ina duba madubi, ina cewa ko tsufa ne ya sa ba a son kallona.

Likitar ta jera takardun kusa da hoton na'urarta, ta daɗe tana dubawa. Ta ce ba ta taɓa samun marar lafiyar da ya bayyana ciwonsa daidai haka ba. Wallahi na ga bakinsa ya motsa zai yi murmushi, kamar an ba shi maki. Sai ta ɗora yatsa a kan ta uku ta ce, Baba, da a nan ka zo min, da ina da abin yi. Tsakiyar idon dama ta zama tabo, ba za ta dawo ba. Gefen zai ci gaba da gani, ba zai yi karo da bango ba, amma karatu da gane fuska da wannan idon sun ƙare. Na hagu ruwa ne ya taru, bai kai ga tabo ba. Za a riƙa yi masa allura a cikin idon wata-wata, kuma ba ta yi alkawari ba. Na tambaye ta, da an bari nan da wata huɗu fa? Ta dube ni kawai, ta ce a kira na gaba ya shirya.

Nan take aka yi ta farko. Ban iya kallo ba, na fita baranda. Ni da nake cewa ba abin da ke ba ni tsoro.

A mota, ido ɗaya a rufe da bandeji, ɗayan kuma ba ya ganin gabansa, ya lalubo hannuna. Na janye. Ya ce shi ma bai yarda tauraron ya dushe ba, so yake ya yarda. Wai duk ranar da ya ɗaga, yana gaya wa kansa wata ne, alhali tsoro yake ji a ce masa ya bar kallon sama. Kuma abin da ya ruɗe shi, a bakin bututu shi ne kaɗai wurin da bai ji ya ragu ba, tunda can dama gefe ake kallo. Likitan Dabbobi na tuƙi yana jan hanci. Na ce masa ya kalli hanya, makaho ɗaya ya ishe ni. Na san bai kamata in faɗi kalmar ba. Ta fito ne.

Na gaya wa yara jiya da dare. Auta kuka. Shugaban makarantar su Malam kuma ni na je na same shi da kaina yau, tunda ashe ɗaliban Malam ke duba wa junansu takardun jarrabawa, wai sabuwar dabarar koyarwa ce.

Yanzu sai jira. Ki gaida maigidanki, ki ce na gode da addu'a.

Ƙanwarki,
Barkono


Ranar Asabar

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Gaisuwa da fatan alheri gare ki da mutanen gida duka. Na ji an cire wa ƙaramin jikanki haƙori, a yi masa sannu. Ki yi haƙuri da shirun da na yi, ban so in rubuto ba sai da abin faɗa a hannu.

An yi allura ta biyu, an yi ta uku shekaranjiya. Tsakanin ta farko da ta biyu ba abin da ya canja, kuma ba zan ɓoye miki ba, lokacin nan ban yi barcin kirki ba. Ni na koma mai gwaji. Na manna takardar ragar a jikin firji, kowace safiya in tsayar da shi in rufe masa idon dama da hannuna, don ban yarda da nasa ba. Kullum amsa ɗaya, hazo na nan. Ni nake karanta masa takardar magani, ni nake ɗibar masa jinin yatsa, ni na ɓoye gwangwanin sukari a bayan tukwane. Ya bi duk abin da na ce ba musu, wannan kuma ya fi faɗan ciwo. Sai in shigo in same shi zaune a ɗakin baƙi kusa da bututun, hannu a cinya.

Shekaranjiya kafin allurar aka sake ɗaukar hoto. Likitar ta juyo mana da allon na'urar, ta nuna inda a da ya kumbura kamar tudu, yanzu ya kwanta saura kaɗan. Ya karanta allon haruffa ya sauko layi uku fiye da farko. Ta ce idon hagu ya amsa magani, in ya riƙe sukarinsa kuma bai sake tsallake rana ba, tana sa ran zai riƙe karatunsa. Tuƙi dai babu. Makaranta za su rage masa aji su haɗa shi da mataimaki. Na daman yana nan yadda ta faɗa. Ido ɗaya muka tsira da shi, Yaya. Na gode wa Allah har ƙasa, kuma ina jin haushi har wuya, duka biyun a lokaci guda, ban san haka na yiwuwa ba.

Shi ya tambaye ta maganar kallon sama, murya ƙasa-ƙasa kamar yaron da ya fasa kofi. Ta ce hasken tauraro bai taɓa cin idon kowa ba, ya kalla son ransa, ban da kwanakin da ke bin allura. Abin da ya yi shekara yana gudu ke nan. Tambaya ɗaya! Na kalle shi, ya kalli takalminsa. Gilasan suna lokata har yanzu. Zan dawo masa da su ɗaya-ɗaya, kowace allura guda, na gaya masa, ya ce ya ji.

Yau da safe ina tsaye a bakin taga ina tace shayi, na ji Malam ya tsaya a bayana. Na juyo na ga ya rufe idon dama da hannu, ya tsura min na hagu, kai tsaye, ya daɗe har na tsargu. Na ce lafiya? Ya matso ya ɗora yatsa a tsakanin girata, ya ce wannan layin yaushe ya fito, da babu shi. Na ce kai ka zana shi, Malam, kuma ba da fensir ba, ba ya gogewa. Bai cire yatsan ba. Ni ma ban ture shi ba, har shayin ya huce.

Ban yafe ba tukuna, kada ki yi saurin murna. Amma ki zo hutun nan ke da maigidanki, zai gane ki tun daga bakin ƙofa.

Ki gaida kowa. Allah ya bar zumunci.

Ni ce taki har kullum,
Barkono